Ƙasar Pelebina: Inda Take, Mutanenta, da Wanda Ke Riƙe da Wace Amana

  

'Yan'uwa Musulmi, idan aka idar da sallar Juma'a aka tsaya gaisawa a ƙofar masallaci, koke-koken da muke ji kusan iri ɗaya ne kowane mako. Wannan ya ce fanfon ƙauyensu ya mutu tun kafin azumi. Wancan ya ce an ƙi rubuta sunan ɗansa a jarrabawa domin ba shi da takardar haihuwa. Wani dattijo kuma ya ce gonar da ya share da hannunsa, ya noma ta shekara 20, yau an ce ya tashi. Idan aka tambayi mai kuka ko wa ya kai wa maganar, amsar da ya fi bayarwa ita ce, "Ai gwamnati ce ba ta yi ba." To amma gwamnati hawa-hawa ce, kowane hawa da aikinsa, kuma wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba yana iya shekara yana zagaye gida bai shiga ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'ar masallatanmu da ɗalibanmu bayani a kan ƙasar Pelebina: inda Allah Ya ajiye ta, abin da take bayarwa, su waye mazaunanta, da yadda aka tsara mulkinta tun daga mai gari har zuwa fadar jiha.

Ina Pelebina take?

Jamhuriyar Benin, wadda ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Agusta 1960 da sunan Dahome, aka sauya mata suna a 1975, an raba ta jihohi 12. Kowace jiha an raba ta ƙananan hukumomi, waɗanda muke kira komin, kuma jimillarsu 77 ne a ƙasar. Kowace komin an raba ta gundumomi, wato arondisman, su ma jimillarsu 546. A ƙarƙashin gunduma sai ƙauyuka a karkara, ko unguwanni a birni.

Pelebina gunduma ce daga cikin gundumomi 12 na komin ɗin Jugu, garin da ake rubutawa Djougou da Faransanci. Uku daga cikinsu suna cikin birnin Jugu kansa. Sauran tara na karkara ne: Barei, Bariyenu, Belefungu, Bugu, Kolokonde, Onklu, Partago, Pelebina da Seru. Jugu ita ce fadar jihar Donga, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Atakora a 1999. Jihar tana da komin huɗu: Jugu, Basila, Kopargo da Wake.

Garin Pelebina yana kudu da birnin Jugu, a kan babbar hanyar da ta gangara Basila da Sabalu, ta ci gaba har bakin teku. Daga Jugu zuwa Kwatano kimanin kilomita 460 ne. Idan aka nufi gabas kuwa, tafiyar kilomita 130 da ɗoriya ce ta kai mutum Paraku, fadar jihar Borgu, inda jami'a take tun 2001, inda kuma layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya. Wata hanya ta haura arewa zuwa Natitingu, wata ta bi ta Wake ta shiga Togo zuwa Kara. Komin ɗin Jugu baki ɗaya tana da faɗin murabba'in kilomita 3,966. Daga kudu ta yi iyaka da Basila, daga yamma da Wake da Kopargo, daga arewa da Kwande da Pehunko, daga gabas kuma da Sinende da Ndali da Cawuru.

Ƙasa da ruwa

Ƙasarmu tudu ce mai ɗan hawa da sauka, kuma a ƙarƙashinta akwai tsohon dutse mai tauri. A wurare da yawa idan manomi ya haƙa kaɗan sai ya tarar da marmara ko tsakuwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa rijiyoyin hannu suke cika da damina, amma su janye idan bazara ta yi nisa: ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutse da cikin tsagoginsa, ba kamar ƙasar rairayi ba inda duk wurin da aka haƙa za a samu. Shi ya sa kuma masu haƙa rijiyar burtsatse sukan gwada wuri fiye da ɗaya kafin su dace. Wanda ya san haka ba zai yi saurin zargin maƙwabcinsa da baƙin baki ba idan rijiya ta ƙafe a watan Maris.

Damina ɗaya muke da ita a shekara, saɓanin kudancin ƙasa da ke da biyu. Takan fara wajen Afrilu ko Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ta ɗauke a Oktoba. A shekara mai kyau ruwan da ke sauka yakan kai wajen milimita 1,200, wato ya ɗara abin da Kano ko Maraɗi suka saba samu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, sannan zafin bazara ya biyo baya. Ƙoramun yankin, irin su Donga da Teru, suna zuba ne a kogin Weme, wanda ke tasowa daga tsaunukan wannan ɓangare na ƙasar ya gangara kudu har gaɓar teku. Abin da muka zuba a ƙorama a nan, mutanen da ba mu taɓa gani ba ne za su sha shi a can.

Abincin gida shi ne doya, masara, dawa da rogo. Abin sayarwa kuma akwai auduga, waken suya da kashu. Itatuwan da Allah Ya hore mana ba tare da mun dasa ba su ne kaɗanya da ɗorawa, kuma daga cikinsu mata suke fitar da man kaɗe da daddawa, abin da ke biyan kuɗin littafin yaro da maganin zazzaɓi a gidaje da yawa. Fulani makiyaya suna kawo nono da cukun da ake kira wagashi. A nan akwai abin lura. Doya tana son sabuwar ƙasa, don haka kowace shekara ana ƙara share daji. Gawayin da ake jerawa a buhuna a bakin hanya shi ma daga dajin nan yake fitowa. Kashu kuwa itace ne mai daɗewa: wanda ya dasa shi ya riƙe filin shekaru masu yawa, shi ya sa mai ƙasa yakan ba baƙo aron gona amma ya gindaya masa sharaɗin kada ya dasa itace. Rigingimun ƙasa da yawa daga wannan sharaɗi suke tasowa.

Hanyar fatake

Mai karatu zai iya tambaya: me ya kawo Hausa wannan wuri, alhali ba ƙasar Hausa ba ce? Amsar ita ce goro. Shekaru aru-aru ayarin fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Paraku, su yada zango a Jugu, wadda suke kira Zugu, sannan su wuce zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kai kanwa, tufafi, fatu da dabbobi, su komo da goro. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya. A cikinsu akwai Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara da wannan fatauci.

Tsohon garin Jugu kashi biyu ne. Akwai Kilir, mazaunin sarauta, akwai kuma Wangara, unguwar 'yan kasuwa da malamai. Sarki yana ba baƙi wurin zama da kariya, su kuma suna kawo ciniki da karatu. Ta wannan hanya Musulunci ya kafu a nan, da sallah da ciniki da auratayya, har ya bazu daga birni zuwa ƙauyuka. Harshen Dandi ya zama harshen kasuwa, Hausa kuma ta zauna a zango da wurin wa'azi da cinikin dabbobi. Yaƙin basasar Salaga na 1892, da iyakokin da Faransa da Jamus da Ingila suka shata bayansa, sun karya tsohuwar hanyar ayari, amma zuriyar fatake ba ta tashi ba.

Wajibi ne mu riƙa tuna wannan tarihi daidai. Mutanen Yom su ne tsofaffin mazauna ƙasar Jugu, kuma a ƙauyuka iyalansu ne suka gaji ikon ƙasa. Tare da su akwai Lokpa, Dandawa, Fulani, Barbawa, mutanen Otamari da suka gangaro daga Atakora neman gona, da Hausawa da Yarbawa da mutanen kudu da aiki ko kasuwa ya kawo. Kakannin da yawa daga cikinmu baƙi ne da aka yi wa masauki. Wanda aka yi wa masauki bai kamata ya raina mai gida ba, kuma bai kamata ya rufe ƙofa ga baƙon da ya zo bayansa ba.

Mu nawa ne?

Benin ta yi ƙidayar jama'a a 1979, 1992, 2002 da 2013. A ƙidayar 2013 an sami mutum 10,008,749 a ƙasar, 543,130 daga cikinsu a jihar Donga. Komin ɗin Jugu ita kaɗai tana da mutum 267,812, wato kusan rabin mutanen jihar, har ta ɗara Paraku mai mutum 255,478 a wannan shekara. A faɗin ƙasa Musulmi sun kai kashi 27 cikin 100 da ɗoriya, amma a Donga kusan mutum 8 cikin 10 Musulmi ne. Wannan rinjaye nauyi ne a kanmu. Idan ƙasarmu ta gyaru ko ta lalace, babu wanda za mu ɗora wa.

Ɗalibai su ɗauki alƙalami mu yi ɗan lissafi. A 2002 mutanen komin ɗin Jugu 181,895 ne. A 2013 sun zama 267,812. An sami ƙarin mutum 85,917 cikin shekara 11, kusan rabin adadin farko. Idan aka ci gaba da wannan tafiya, jama'a takan ninka cikin shekara 20 ko kusa da haka. Ƙasar kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. A 2002 kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum 46, a 2013 yana ɗauke da 68. Idan aka raba faɗin komin ɗin ga mazaunanta, kowa zai sami hekta 2 da ɗan ƙari a 2002, amma hekta 1 da rabi kawai a 2013, kuma a cikin wannan rabo har da duwatsu da hanyoyi da gidaje da maƙabartu.

Wannan lissafi ya bayyana abubuwa da yawa da muke gani da ido. Saurar da kakanninmu suke bari ta huta shekaru masu yawa, yanzu ana komawa cikinta tun ba ta farfaɗo ba. Burtalin shanu yana ƙanƙancewa, gona tana matsowa bakin mashaya. Ajin da aka gina domin yara 50 yana ɗaukar fiye da haka. Samari suna tafiya Nijeriya aikin gona su komo da babur, wasu kuma su bi hanyar hamada zuwa Aljeriya da Libiya, wasunsu ba a sake jin labarinsu. 'Ya'ya ni'ima ce daga Allah, kuma godiyar ni'ima ita ce a yi mata tanadi.

Akwai masu ɓoye iyalansu idan ma'aikatan ƙidaya suka zo, wai don tsoron haraji ko kambun baka. Mu sani cewa ƙidaya tana da asali a addininmu. Ya zo a ingantaccen hadisi daga Huzaifa (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci a rubuta masa adadin waɗanda suka musulunta, aka rubuta mutum 1,500. Sayyidina Umar (RA) kuma ya kafa diwani, inda aka rubuta sunayen mutane domin kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. Yau ma da adadin jama'a ake duba rabon kujerun kansiloli da kuɗin ayyuka. Ƙauyen da ya ɓoye mutanensa ya rage wa kansa rabo. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta wallafa adadin kowane ƙauye na jihar Donga bayan ƙidayar 2013, kuma yana da kyau kowane ɗalibi ya nemi sanin na ƙauyensu.

Tsanin mulki

Kafin 1990 daga sama ake naɗo manyan masu mulkin yanki. Babban taron ƙasa na watan Fabrairu 1990, da kundin tsarin mulki na 11 ga Disamba na wannan shekara, su ne suka buɗe hanyar mayar da wani ɓangare na iko hannun jama'a. An sa hannu a dokokin wannan tsari ranar 15 ga Janairu 1999, aka yi zaɓen kansiloli na farko a Disamba 2002, aka sake yin irinsa a 2008, 2015 da 2020. Ga yadda tsanin yake, daga ƙasa zuwa sama.

Mataki na farko shi ne ƙauye. Kowane ƙauye da hukuma ta amince da shi yana da majalisa da shugabanta, wanda mutane suka saba kira delege. Shi ne idon hukuma a ƙauye, shi ne kuma bakin ƙauye a wurin hukuma. Kada a haɗa shi da sarkin gargajiya ko mai ƙasa. Waɗannan suna da matsayinsu na al'ada, wanda gyaran kundin tsarin mulki na 2019 ya amince da shi, amma hatimin hukuma ba a hannunsu yake ba.

Mataki na biyu shi ne gunduma. Shugaban gundumar Pelebina kansila ne daga cikin kansilolin komin, kuma shugabannin ƙauyuka su ne 'yan majalisarsa. A ofishinsa ake sha'anin rajistar haihuwa da aure da rasuwa a matakin kusa da jama'a, shi ne kuma yake ɗaukar buƙatun ƙauyuka ya kai majalisar komin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gunduma ba ta da baitulmalin kanta. Shugaban gunduma ba zai iya gina aji daga aljihun ofishinsa ba. Ƙarfinsa yana cikin muryarsa a majalisa, kuma muryar tana ƙara nauyi idan ya je da takarda mai sa hannun jama'a.

Mataki na uku shi ne komin, kuma a nan ne kuɗi da yanke shawara suke. Majalisar kansiloli ita ce take amincewa da tsarin raya komin na shekaru masu zuwa, magajin gari kuma shi ne shugabanta. Tun bayan sabuwar dokar mulkin yankuna ta Disamba 2021, an raba aikin gida biyu. Magajin gari yana riƙe da jagorancin siyasa. Sakataren zartarwa, ƙwararren ma'aikaci da ake zarowa ta hanyar ƙuri'a daga jerin sunayen da gwamnati ta tantance, shi ne yake tafiyar da ma'aikata, yake kuma ba da izinin kashe kuɗi. Saboda haka idan ɗan kwangila ya bar aiki a tsakiya, tambayar tana da ƙofa biyu.

Mataki na huɗu shi ne jiha. Perfe, wanda ke zaune a Jugu, gwamnatin tsakiya ce take naɗa shi, ba zaɓarsa ake yi ba. Aikinsa shi ne wakiltar gwamnati da duba ko abin da komin ta yanke ya dace da doka.

Me ke wuyan komin?

Doka ta ɗora wa komin ginawa da gyaran makarantun firamare da na ƙananan yara, da ƙananan asibitoci, da kasuwanni, mahauta da tashoshin mota, da hanyoyin karkara, da tsaftar gari, da rajistar jama'a. Albashin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, manyan hanyoyi irin wadda ta ratsa Pelebina, 'yan sanda da kotu, waɗannan na gwamnatin tsakiya ne. Manyan ayyukan ruwan sha na karkara ma yanzu wata hukuma ce ta ƙasa take gudanar da su, amma komin ce take sanin ƙauyen da ke cikin ƙishirwa, ita ce kuma za a kai wa ƙorafi. Idan rufin aji ya yaye, maganar ta magajin gari ce. Idan malami ya yi wata bai zo ba, maganar ta hukumar ilimi ce.

Kuɗin komin daga tushe biyu suke fitowa. Na farko shi ne abin da take tarawa da kanta: tikitin kasuwa, kuɗin tasha, harajin filaye da gidaje, da abin da ake karɓa a kan amfanin gona da dabbobin da ake fitarwa. Na biyu shi ne tallafin gwamnatin tsakiya, wanda aka riƙa bayarwa ta asusun raya komin-komin da ake kira FADeC bayan kafa shi a 2008. A nan kowa yana da abin da zai duba a kansa. Mai karɓar kuɗin kasuwa da ya karɓa bai yanka tikiti ba, ya ci amanar jama'a. Ɗan kasuwar da ya ce a rage masa ya yafe tikitin, ya taya shi ci. Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta wajabta mayar da amana ga masu ita da yin adalci wurin hukunci, kuma dukiyar jama'a amana ce mai masu yawa, wadda neman yafiyarta ke da wuya domin ba a san adadin waɗanda za a roƙa ba.

Zaman majalisar komin a buɗe yake ga jama'a, kuma akan shirya tarukan da hukuma take bayyana abin da ta karɓa da abin da ta kashe. Sau da yawa kujerun jama'a a waɗannan taruka babu kowa. Mu da Alƙur'ani ya yabi masu gudanar da al'amuransu da shawara, a Suratush Shura aya ta 38, bai kamata a kira shawara a rasa mu ba.

Takardu biyu da ke hana kuka

Ta farko ita ce takardar haihuwa. Doka ta ba da ɗan lokaci kaɗan bayan haihuwa domin a yi rajistar jariri, kuma idan aka yi a kan kari abu ne mai sauƙi. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi doguwar hanya mai cin kuɗi da lokaci. Yaron da ba shi da wannan takarda zai iya zama a aji shekara 6, ranar rajistar jarrabawar kammala firamare a ce ya koma gefe. Ba zai sami lambar shaida daga hukumar ANIP cikin sauƙi ba, balle fasfo na aikin Hajji ko na karatu a waje. Muna yanka rago ranar suna, muna tara jama'a, muna kashe abin da ya ninka kuɗin motar zuwa ofishin gunduma sau da yawa. Shawararmu ga limamai ita ce, duk wanda aka kira raɗin suna ya tambayi mahaifi, "Malam, an yi wa yaron takarda?" Tambaya ɗaya a bakin liman ta fi sanarwa goma a rediyo.

Ta biyu ita ce takardar ƙasa. Dokar filaye ta 2013 ta tanadi kwamitin kula da filaye a ƙauye da kuma a komin. Wanda ya gaji gona bisa al'ada yana iya neman takardar shaidar riƙon gargajiya daga magajin gari, bayan an yi bincike a bainar jama'a tare da maƙwabtan gonar. Cikakkiyar takardar mallaka kuwa hukumar filaye ta ƙasa, ANDF, ce take bayarwa. Ko aro ne, ko haya, ko jingina, ko kyauta, a rubuta, a sa shaidu, a faɗi shekarun da aka yi alkawari, a faɗi ko an yarda a dasa itace. Dattawan da suka yi alkawari da baki suna rasuwa, 'ya'yansu kuma ba su ji abin da aka faɗa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, tana koyar da rubuta bashi da kafa shaidu ne, kuma hadisi ingantacce ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ƙwace ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani. Haka nan idan ana rabon gado, gona tana cikin dukiyar mamaci, kuma 'ya'ya mata suna da rabon da Allah Ya yanka musu a cikinta.

Maganar ƙasa ba ta cika sai an ambaci makiyaya. Benin tana da dokar kiwo tun 2019, kuma akwai kwamitocin sasanta manoma da makiyaya a matakan hukuma. Manomin da ya shuka a kan burtali ya yi zalunci, makiyayin da ya saki shanu a gonar da ba a girbe ba shi ma ya yi zalunci. Sau da yawa duka biyun sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Idan ɓarna ta auku, a kira delege da dattawan ɓangarorin biyu su ƙiyasta ta tun shaida ba ta ɓace ba, kada a bari samari su ɗauki sanda.

Abin da ya rage gare mu

Muna kira ga kowane kwamitin masallaci a ƙasar Pelebina da sauran gundumomin Jugu da ya ware mutum biyu, dattijo ɗaya da matashi ɗaya mai karatun Faransanci, su riƙa halartar tarukan gunduma da na komin, su komo su faɗa wa jama'a abin da aka yanke da harshen da kowa ke ji. Malamai mata a makarantun Islamiyya su binciki ɗalibansu, su rubuta sunayen waɗanda ba su da takardar haihuwa, a kai wa shugaban gunduma jerin gaba ɗaya. Ɗalibanmu na Paraku da Kwatano, idan sun zo hutu, su zauna da iyayensu su rubuta iyakokin gonakin gida da sunayen waɗanda aka ba aro, tun masu sanin labarin suna raye. Idan lokacin zaɓe ya zo, mu tambayi mai neman kujera abin da ya sani game da fanfon ƙauyenmu kafin mu tambaye shi ko ɗan gidan wa ne.

Allah Ya albarkaci ƙasarmu, Ya saukar mana da ruwa mai amfani, Ya ba shugabanninmu na ƙauye da gunduma da komin ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon taimaka musu a kan gaskiya. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share wannan daji, da waɗanda suka kawo mana karatu. Amin.